Doka a Kwarin Rima: Daga Hurumin Wurno zuwa Ƙofofin Madatsar Goronyo

Ruwan da manomin tafarnuwa ke ja da inji a fadamar Wurno cikin hunturu, mafi yawansa ba a ƙasar Sakkwato ya sauka ba. Ruwan daminar Katsina ne da Zamfara. Gulbin Bunsuru da na Gagare ke kwaso shi daga kudu maso gabas, wani kuma ya taso ta Jibiya, ya tsallaka iyaka ya shiga Nijar, ya ratsa ta gefen Maraɗi, sannan ya karkato ya dawo Najeriya ya faɗa Rima. Duka suna haɗuwa kafin su iso Goronyo. Rabah kuwa a bakin Gulbin Sakkwato take, wanda ke biyowa ta Gusau da Talata Mafara. Saboda haka duk wanda ya tare ruwa a can sama, ko ya share dajin da ke riƙe ƙasa a can, ya taɓa abincin mutanen waɗannan garuruwa ko da bai taɓa jin sunansu ba. Wa zai hana shi, wa zai je ya duba, wa zai yanke hukunci? Wannan tambaya ta girmi Najeriya.

Sa'ad da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya gina Wurno a matsayin ribaɗi, wajen ƙarshen shekarun 1820, ba ganuwa kaɗai ya yi ba. Ya zaunar da jama'a, ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su kafa gari su yi noma, ya kuma zauna a nan har ya rasu a 1837. Garin da aka tara manoma da makiyaya da masunta a bakin fadama ɗaya ba ya zaunuwa sai da ƙa'ida, ƙa'idar kuwa fiƙihun Malikiyya ce haɗe da al'adar ƙasa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi littafi, Ta'alimur Radi, a kan yadda ake mallakar matacciyar ƙasa da abin da ba ya mallakuwa. Rijiya tana da huruminta, gulbi yana da nasa, gari yana da makiyaya da wurin itace waɗanda ba mai ikon shinge su. Shugaba yana iya keɓe daji domin maslahar jama'a, amma ba domin aljihunsa ba. Tushen duka shi ne karantarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta.

Abin da ya fi rubutun muhimmanci a wurina shi ne masu tsaron ƙa'idar. A ƙasar Hausa sarkin ruwa ke faɗin ranar da za a buɗe tafki a yi su, shi ke tsawata wa mai zuba magimfa don ya kashe kifi babba da ƙarami. Arɗo ya san inda burtali ya bi da inda mashaya take. Ɗorawa da kuka da tsamiya suna da masu su, mai unguwa ya san su da suna, in kuwa rigima ta gagari dagaci sai a tafi gaban alƙali. Ban ce zamanin ba shi da zalunci ba. Manya sun riƙe fadama mafi kyau, bayi ne ke noma gandaye da yawa. Amma mai tsaron dokar daga gulbin yake shan ruwa. In kifi ya ƙare, gidansa ma ba miya. Kuma ba ya buƙatar rahoto kafin ya san an yi ɓarna, da idonsa yake gani.

Dajin Gundumi, wanda ya shimfiɗu gabas da Wurno da Goronyo har zuwa wajen Isa, shi ba doka ce ta tsare shi a wancan zamani ba, ƙishirwa ce da tsoro. Ba ruwa a cikinsa da rani, ga mahara daga Gobir. Kyaftin Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya ratsa shi a 1824 a hanyarsa ta zuwa wurin Bello. Heinrich Barth, wato Abdulkarim, ya bi shi a 1853, ayarinsu ya yi tafiyar fiye da yini da kwana ba zango, kafin ya iske Sarkin Musulmi Aliyu Babba a sansaninsa na Gawasu, daga nan ya wuce Wurno ya yi kusan wata guda.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, doka ta sake kama. Ma'aikatar daji ta Najeriya ta ginu ne a hannun H.N. Thompson, wanda ya yi aiki a Bama, inda manufa ita ce gwamnati ta killace daji ta riƙa sayar da katako. Dokar daji ta 1916 ta ba da ikon yanke gandun daji a ko'ina, burin ma'aikatar kuma shi ne a killace kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar. Ta 1937 ta ƙara ɗora aikin a wuyan En'e. Ta wannan hanya Gundumi ya shiga jerin gandayen daji, kuma ta nan talaka ya san malamin daji: mai kaki, mai littafin rasiɗi, wanda zai iya kama ka a kan itacen da ke tsakiyar gonar ubanka. An jera itatuwan da ba a sarewa sai da izini, aka sa tara, alƙalin En'e ya riƙa yanke ta. Ba shakka dokar ta yi haƙora, gandaye sun tsaya, dogonyaro ya cika titunan garuruwa. Amma ta dasa wani abu a zuciyar manomi wanda har yau bai fita ba. Itace ya zama na hukuma. Wanda ya bar tsiron gawo ya girma a gonarsa ya jawo wa kansa ziyarar malamin daji, don haka ya fi masa sauƙi ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

A wannan zamani ne aka yi wani aiki da ya cancanci a tuna da shi. E.P. Stebbing, malamin ilmin daji daga Jami'ar Edinburgh, ya zagaya Arewa a 1934, ya koma ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu da sauri, ya ba da shawarar a kafa doguwar katangar itatuwa a kan iyaka. Maganar ta tayar da hankali a London da Paris. Maimakon a gaskata ko a ƙaryata daga ofis, gwamnatocin biyu suka haɗa tawaga ɗaya ta masana daji da ƙasa, ciki har da André Aubréville na Faransa, suka bi iyakar Najeriya da Nijar daga ƙarshen 1936 zuwa farkon 1937, suna duba rijiyoyi da tudun rairayi da gonaki, suna tambayar mutanen gari. Suka dawo da cewa ba su ga hamada na tafiya kamar runduna ba. Abin da suka gani ɓarna ce ta wuri-wuri, inda sassabe da gobarar daji da yawan kiwo suka yi tsanani. Ana iya jayayya da wasu hukunce-hukuncensu, amma hanyar da suka bi ita ce daidai: ƙasashe biyu, ido ɗaya, ƙafa a ƙasa.

Hakimin Rabah a waɗannan shekaru shi ne Ahmadu, jikan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, wanda aka naɗa a 1934, ya bar garin a 1938 ya zama Sardauna. Ya san rigimar manomi da makiyayi tun daga zauren hakimi, ya san karɓar jangali. Da ya zama Firimiya, gwamnatinsa ta yi dokar namun daji a 1963 da dokar keɓe makiyaya a 1965. Niyyar mai kyau ce, amma bai rayu ya bi bayanta ba. Daga baya an lissafa makiyaya sama da 400 a faɗin ƙasa, waɗanda aka kammala musu rajista ta doka ba su kai rabi ba, sauran kuwa gonaki da manyan mutane suka cinye su sannu a hankali. A ƙarshen shekarun 1960 sojoji suka karɓe 'yan doka da kotuna daga hannun En'e, gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa ta. Hakimi ya rasa ikon hukunci, wanda ya gaje shi kuma bai ɗauki nauyin ba. Sashen daji a ƙaramar hukuma ya koma wurin yankar rasiɗin motocin itace da gawayi, wato ma'aikacin da aka ɗauka don ya hana sara, da yawan saran ake auna ƙoƙarinsa.

Sai fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, dabbobi suka mutu, gero ya ƙone, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara. Gwamnatin Janar Gowon ta kafa Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima a 1973, a 1976 kuma aka faɗaɗa tsarin zuwa hukumomi 11 a duk ƙasa. Maganin fari a idon masu mulki shi ne babbar madatsa. Masanan Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin kwarin a shekarun 1960, sun ba da shawarar a tafi a hankali da ƙananan ayyuka, saboda rayuwar mutanen ƙasa da madatsa a kan ambaliyar shekara-shekara take. Ba a bi ba. Kamfanin Impresit na Italiya ya gina madatsar Bakolori kusa da Talata Mafara, aka kammala a 1978, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 450. A shekarar ce kuma dokar mallakar ƙasa ta damƙa dukkan filaye a hannun gwamna, ta ce diyya ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne, ko da yake ba a koyar da shi a makaranta. Dubban mutane ruwa ya tasa, wasu aka hana su noma shekara da shekaru ana baje filayensu, aka sare musu itatuwa, diyya ta maƙale. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen Afrilun 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka afka wa Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadin mamata da bai kai 30 ba, wasu rahotanni suka ce sun haura 380. Wannan jinin aka gani. Akwai kuma asarar da ba a ji ƙararta ba, wadda ta bi gulbi ta gangara ta Gandi da Rabah. Ambaliyar da ke shimfiɗa laka a fadama ta ragu, ta kuma daina zuwa a kan lokaci. W.M. Adams, wanda ya yi bincike a ƙauyukan da ke ƙasa da madatsar, ya nuna yadda manoma suka bar shinkafa suka koma gero da dawa, noman rani ya ja baya saboda ruwan ƙasa ya yi nisa, masunta da yawa suka yi ƙaura. Ba wata doka a Najeriya a lokacin da ta wajabta a tambayi waɗannan mutane, ko a auna abin da za su rasa. A shekarun da ake cin tarar talaka a kan reshen marke, hukuma ta sauya halin gulbi sukutum ba tare da ta nemi izinin kowa ba. An bar jaki ana dukan taiki.

A cikin wannan yanayi aka gina madatsar Goronyo, aka kammala a 1984. Ta fi Bakolori girma nesa ba kusa ba: bangon ƙasa mai tsawon kilomita 12.5 da tsayin mita 21, mai riƙe ruwa sama da kubik mita miliyan 900. An yi ta don ta shayar da Sakkwato da Birnin Kebbi, ta ba da ruwan noman rani a tsakiyar kwarin Rima, ta kuma rage ambaliya. Amfaninta na gaske ne, duk wanda ya ga buhunan albasa da tafarnuwa da ke fita daga Goronyo da Wurno ba zai musa ba. Amma daga ranar da aka rufe ƙofofinta, rayuwar duk wanda ke ƙasa da ita ta koma hannun wanda ke juya waɗannan ƙofofi.

Dokar muhalli irin ta zamani ba daga kukan Bakolori ta fito ba. Daga Koko ta fito, wani ƙaramin garin bakin teku a tsohuwar Jihar Bendel, inda aka gano a 1988 cewa wani ɗan kasuwa na Italiya ya jibge dubban gangunan guba, kusan tan 4,000, a filin wani mutumin gari. Ɗaliban Najeriya da ke Italiya ne suka tsegunta wa jaridu. Gwamnatin Janar Babangida ta janye jakadanta, ta matsa har aka kwashe sharar aka mayar. A shekarar aka yi doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da guba, da mai lamba 58 wadda ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. Duniya ma ta motsa, aka ƙulla yarjejeniyar Basel a 1989 da ta Bamako a 1991 kan safarar sharar guba. Abin lura shi ne saurin da aka yi. Mai laifin baƙo ne, hukunta shi bai taɓa kowa a gida ba.

A watan Disamban 1992 aka yi doka mai lamba 86, wadda ta ce kada a fara babban aiki, na gwamnati ko na ɗan kasuwa, sai an yi nazarin illarsa ga muhalli an baje rahoton jama'a sun gani. Ta ambaci madatsar da tafkinta ya kai hekta 200, da aikin ban ruwa da ya kai hekta 5,000. Tafkin Goronyo ya ninka wannan iyaka sau da yawa. Sai dai a wannan shekara ta 1992 aka yi bikin buɗe madatsar, shekara takwas bayan gama gininta. Ga mutanen Rima dokar ta zama ihu bayan hari, domin madatsun Bakolori da Goronyo da Zobe da Jibiya duk sun riga sun tsaya. Tarar da ta sa wa kamfani mai saɓawa ba ta wuce naira miliyan ɗaya ba. Tsarin mulki na 1999 ya ce a sashe na 20 wajibi ne gwamnati ta kare ruwa da iska da ƙasa da daji, amma ya ajiye sashen a babin da ba a kai ƙara kotu a kansa kai tsaye. Sai a 2018 Kotun Ƙoli, a wata shari'a kan malalar mai a kudu, ta buɗe wa ƙungiyoyi ƙofar kai ƙara a madadin jama'ar da aka ɓata wa muhalli. Hukuncin ya shafi fadamar Rima kamar yadda ya shafi fadamun Neja Dalta, in an samu mai ɗaukar maganar.

Akwai kuma yarjejeniyar da ta fi kowace kusa da wannan kwari, wadda mutane kaɗan suka san da ita. Najeriya da Nijar sun kafa hukumar haɗin gwiwa a 1971, mai hedikwata a Yamai. A ƙarƙashinta aka sa hannu a Maiduguri, ranar 18 ga Yulin 1990, kan yarjejeniyar raba ruwan da ƙasashen biyu suka yi tarayya a kai. Ta ambaci koguna huɗu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Ta ce kowace ƙasa tana da rabo na adalci, a riƙa musayar bayanan ruwa, a sanar da juna kafin a fara aikin da zai rage wa maƙwabci, a kuma kafa kwamitin ƙwararru na dindindin. An yi mata gyara a Sakkwato a 1998.

A ganina yarjejeniyar tana da wani ƙarfi da irinta ba su cika samu ba, domin a nan kowace ƙasa tana sama a wani gulbi, tana ƙasa a wani. Najeriya ta tare Gada a Jibiya, mutanen Madarumfa da Maraɗi suka ga gulbinsu ya rage gudu, ragowar da ke dawowa Rima ma ta ragu. Nijar ta tare Magiya don noman rani a Birnin Ƙonni, mutanen Illela suka ga tafkin Kalmalo, wanda ya ciyar da masunta da manoman rani shekaru aru-aru, yana ƙafewa. Kowa ya ɗanɗana abin da ya yi wa ɗan'uwansa, wannan kuwa dalili ne babba na a zauna a daidaita. Abin da ya kashe mata gwiwa shi ne awo. Ba a raba abin da ba a auna ba. Ma'aunan ruwa da aka kakkafa a kogunan Arewa a shekarun 1960 da 1970, da yawansu sun lalace bayan tsuke bakin aljihu na shekarun 1980, mai karanta su ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. In wakilan ƙasashe biyu suka zauna ba wanda ke riƙe da lissafin ruwan da ya wuce ta iyaka wata-wata, to zaman ya tsaya a gaisuwa da sanarwar bayan taro.

Daminar 2010 ta gwada duk wannan gini na takarda. A lokacin akwai ma'aikatar muhalli ta tarayya tun 1999, akwai hukumar NESREA da aka kafa a 2007 musamman don tilasta bin dokoki da yarjejeniyoyin muhalli, akwai ƙa'idojinta na 2009 kan fadamu da gaɓar koguna, akwai hukumar agajin gaggawa, akwai hukumar muhalli ta jiha. Ruwa ya yi yawa a ƙarshen Agusta, tafkin Goronyo ya cika ya kai haddin tsoro. A farkon Satumba aka buɗe ƙofofi, ruwa ya ci ƙauyen Kagara da maƙwabtansa, bayan kamar mako guda kuma wani sashe na mafitar ruwan ya ɓalle gaba ɗaya. Rima ta bi ta Wurno da Kware da Sakkwato har Kebbi, ta rushe dubban gidajen laka, ta shafe shinkafa da gero ana dab da girbi, ta lalata aikin ban ruwa na Lugu da Wurno ta dogara da shi, ta cinye hanyar da ta haɗa gari da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo har aka rufe makarantar. Shugaba Goodluck Jonathan ya zo jaje, Gwamna Aliyu Wamakko ya yi alkawarin sake matsuguni. An raba shinkafa da tabarmi da kwanon rufi. Amma tambayoyin da suka shafi doka su ne: wa ke duba lafiyar madatsa, sau nawa, ina rahotonsa, da wace ƙa'ida ake rage ruwa tun kafin tafki ya cika, awa nawa ake ba ƙauye kafin a buɗe ƙofa? Hukumar da ta mallaki madatsa ita ke gudanar da ita, ita ke duba kanta, kuma tana ƙarƙashin wata ma'aikata daban da ta masu tilasta doka. Wannan shi ne gibin, kuma ba gyaran kankare ke cike shi ba. A shekarar ce kuma gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Anka da Bukkuyum, kuma likitocin sa kai na ƙasashen waje ne suka fara gano ta, ba masu sa ido na gida ba.

Shekara takwas bayan haka sai aka ga kishiyar ambaliya. A farkon 2018 hukumar kogunan ta sanar cewa ruwan Goronyo ya sauka zuwa kusan kashi 10 cikin 100, mafi ƙanƙanta tun da aka gina ta. Aka ɗora laifin a kan ƙarancin ruwan damina da yashin da ya cike tafkin. Yashin nan kuwa gonakin Zamfara ne da Katsina da gabashin Sakkwato, waɗanda suka rasa itatuwa da ciyawar da ke riƙe su. Dokar dajin da ta gaza a tudu ita ce ta dawo ta zauna a gindin madatsa.

Bin diddigi mafi tsanani da madatsar ta taɓa gani ta hanyar bashi ya zo. Shirin ban ruwa na TRIMING, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2014 da kusan dala miliyan 495, ya haɗa da Bakolori da tsakiyar Rima. Sharuɗɗan bankin sun wajabta nazarin muhalli, da ƙwararru masu zaman kansu da za su duba lafiyar madatsu, da kafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa waɗanda za su karɓi kuɗin ruwa su kula da magudanai. Abin yana yi mini ciwo, cewa sai mai ba da rance ya gindaya sharaɗi muke yin abin da dokarmu ta riga ta ce. Duk da haka ƙungiyoyin manoman su ne abu mafi kama da sarkin ruwa da aka sake samu a kwarin. Manomin da ya biya kuɗin ruwa, wanda gonarsa ke ƙarshen magudana, ba ya buƙatar alawus kafin ya gano wanda ya fasa kwalbati da dare.

A ɓangaren daji labarin ya fi muni. Najeriya ta shiga yarjejeniyar yaƙi da kwararowar hamada ta 1994, ta rungumi shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, ta kafa masa hukuma da doka a 2015, Sakkwato kuma na cikin jihohi 11 na sahun gaba. Ana dasa itatuwa duk damina, amma lissafin da ake bayarwa na waɗanda aka dasa ne, alhali wanda ke da amfani shi ne na waɗanda suka rayu bayan rani uku. Gundumi kuwa ya koma abin da Barth ya tarar, wurin da ake ratsawa da fargaba. Harin Tabanni a ƙasar Rabah a Yulin 2018, da kisan mutane sama da 40 a kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, sun nuna wa ke da iko da dajin. Gandun da aka fitar da talaka daga cikinsa, sannan hukuma ta janye ƙafa daga gare shi, bai zauna ba mai shi ba. A 2025 gwamnatin tarayya ta amince a ɗauki dakarun tsaron daji masu makamai. Tsaro wajibi ne, amma aikinsu korar ɗan bindiga ne, ba rainon itace ba.

Rainon itace a tsallaken iyaka aka ga yadda yake yiwuwa. Nijar ma ta gaji doka mai tsanani daga Faransa, jami'an gandun daji suna cin tarar manomi a kan itacen gonarsa, gonakin Maraɗi suka zama fili fetal. Daga 1983 Tony Rinaudo, wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, ya fara nuna wa manoma cewa kututturen da suke sarewa duk shekara yana da rai, in aka zaɓi rassa kaɗan aka bari za su zama itace. Suka kira shi sassaben zamani. Dabarar ba ta bazu sosai ba sai da jami'ai suka sassauta, manomi ya tabbata cewa gawon da ya raina nasa ne, ya sassabe reshe ya sayar ba mai kama shi. Dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar daji ta 2004 suka bi bayan abin da manoma suka riga suka fara. Masu nazarin hotunan tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Hausawa ne irinmu, ƙasarsu ta fi tamu ƙarancin ruwa, kuma satar itace a can kwamitin gari ke hukunta ta. Tsakanin Maraɗi da Goronyo ba nisa, majalisar dokokin Sakkwato na iya rubuta wa manomi wannan tabbaci a shafi guda.

Juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya kawo rufe iyaka da yanke wutar lantarki, Nijar kuma ta fice daga ƙungiyar ECOWAS. Amma hukumar haɗin gwiwa ta 1971 ba ta ƙungiyar ba ce, ta ƙasashen biyu ce kaɗai, yarjejeniyar Maiduguri ma tana nan ba wanda ya soke ta. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya je Yamai ya gana da takwaransa Bakary Yaou Sangaré, suka amince a farfaɗo da hukumar. An fi jin maganar tsaro da kasuwanci da layin dogon da zai bi ta Jibiya zuwa Maraɗi. Kwamitin ƙwararrun ruwa ma yana cikin abin da ke jiran a tashe shi, aikinsa na farko kuma ba mai tsada ba ne: ma'auni a inda Gada ke fita daga Najeriya, wani a inda Gulbin Maraɗi ke dawowa, wani a kan Magiya, da mutum mai albashi a gindin kowane. Adadin da aka karanta, tare da tsayin ruwan Goronyo da ranar da za a buɗe ƙofa, a faɗe shi da Hausa a Rediyon Rima kowane mako daga Yuli zuwa Oktoba, yadda dagacin Kagara da shugaban manoman Lugu za su ji shi a rana ɗaya da injiniyan da ke ofis a Sakkwato.